Abin da ke ɓoye cikin ruwan teku mai garai-garai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in tanka wa bayanin da ya fito a shafinku na kimiyya, inda aka kira tsakiyar manyan tekuna hamada, wai ba abin da ke motsi a ciki. Sunan yana da dalilinsa, don ruwan wuraren nan yana ƙarancin naitirojin da fosfaros, sinadaran da halittu ke gina jiki da su, shi ya sa yake shuɗi garai-garai. Amma an tsaya a bakin ƙofa, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Lokacin ina ɗalibi, aikina a ɗakin gwaje-gwaje shi ne tace ruwan teku. Sai in zuba lita biyu kan wata 'yar farar matata mai ƙofofin da ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, famfo yana ja ta ƙasa. In an gama in ɗaga ta da hantsaki, da ƙyar ido ke kama ɗan kore-koren da ya zauna a kanta. Abin da ya maƙale shi masana ke kira mai ƙwaya-ƙwaya, abin da ya wuce kuma narkakke. Matata ce kaɗai ta raba su. Ranar da malaminmu ya nuna mini sakamakon awo, na yi tsuru-tsuru: kabon na ragowar halittu da ke cikin ruwan da nake shirin zubarwa ya ninka na kan matatar sau da yawa.

Haka lamarin yake a duk tekunan duniya. An ƙiyasta wannan narkakken kabon da tan biliyan 660 ko kusa da haka, bai yi nisa ba da wanda ke cikin iskar da ke kewaye da mu. Na can ƙarƙashin teku, awo ya nuna shekarunsa sun kai 4,000 zuwa 6,000. Har yanzu masana na muhawara kan abin da ya hana ƙwayoyin halitta cinye shi.

Narkakken kabon da ke saman teku kuwa ba ya kwana wuri ɗaya. A 1988 Sallie Chisholm da abokan aikinta suka bayyana Prochlorococcus, wata mitsitsiyar halitta da ke haɗa abincinta da hasken rana, wadda ta fi duk masu irin wannan aiki yawa a doron ƙasa. Tana zubar da wani ɓangare na abin da ta haɗa cikin ruwa, bairas na farfasa wasu daga cikin halittun, sai bakteriya irin su SAR11, da Stephen Giovannoni ya fara gano alamarsu a Tekun Sargaso da ke Atlantika a 1990, su lashe abin da ya zube. Wasu 'yan halittu su cinye bakteriyar, su fitar da naitirojin, ya koma inda ya fito. Rashi ya koya musu tattali, ɗan abin da ke akwai yana ta zagaye hannu zuwa hannu. Kaɗan ne ke dunƙulewa ya gangara ƙasa kamar fararen ɓurɓushi, kuma wannan kaɗan ɗin ne ke kai kabon inda zai daɗe bai dawo iska ba. Sabon naitirojin kuma wasu bakteriya irin su Trichodesmium ke kamo shi daga iska, da taimakon ƙarfen da ƙurar Sahara ke zubawa a Atlantika.

Damuwata, Malam Edita, ita ce ɗumamar saman teku. Ruwa mai ɗumi ba ya son gauraya da na ƙasa mai sanyi, inda sinadaran gina jiki suke. Tun 1988 masana ke fita kusan duk wata zuwa tashar ALOHA, kilomita 100 arewa da tsibirin Oahu a Hawayi, da wata kusa da Bamuda, suna ɗibar ruwa don su ga yadda wannan zagayen ke sauyawa. Ina roƙon ku nemi wanda ya san aikin nan ya yi wa masu karatu cikakken bayaninsa a fitowa ta gaba.

Naka,
Wani tsohon malamin kimiyya