Wasiƙa kan maganar Baba

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya mai jiki? Allah ya ƙara wa Baba sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka tambayi ko gyaran magana ta waya, wato ta kiran bidiyo, yana da amfani, tunda babu masanin gyaran magana a kusa da ku. Yana da amfani ƙwarai, sai dai mafi yawan aikin a hannunku yake, ku mutanen gida.

Abin da ka bayyana, wato ɓarin dama ya shanye, yana son ya ce ruwa sai shayi ya fito, ya yi kama da abin da likitoci ke kira afeziya. Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka gamu da shanyewar ɓarin jiki suna samunta, domin a yawancin mutane sashen hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da harshe, kuma shi ne ke juya ɓarin dama. Hankalin Baba na nan, ya san ku, ya san abin da yake so, kalmar ce take ɓace masa. Wannan daban yake da wanda kalmominsa daidai suke amma leɓe da harshe sun yi nauyi. Aikin da ake yi wa kowannensu daban ne, shi ya sa zaman farko na gwaji ne kawai: a sa shi ya faɗi sunan abubuwa, ya maimaita, ya bi umarni, ya karanta, ya rubuta.

Kada ku yi mamaki idan ya kawo Fatiha tiryan-tiryan amma ya kasa kiran sunan Inna. Abin da baki ya saba, kamar salati da ƙirge da gaisuwa, yakan tsira. Mutanen gida kan ɗauka ganganci ne ko sammu. Ba haka ba ne, hasali ma da irin waɗannan kalmomin ne masani ke fara buɗe ƙofa.

Ka nemi wanda ke jin Hausa sosai. Idan aka gwada Baba da harshen da bai ƙware a kai ba, sakamakon zai nuna ciwon ya fi yadda yake. Idan dole sai da tafinta, ya faɗi abin da Baba ya ce yadda ya faɗa, da kuskurensa, kada ya gyara.

Batun kayan aiki kuwa, nan ake yawan yin asara. A jingina wayar a kan tebur daidai fuskarsa, kada wani ya riƙe, hannu yana rawa. Haske ya zo daga gabansa, domin idan taga tana bayansa masanin ba zai ga motsin leɓensa ba. Wasu masu irin wannan ciwon ba sa ganin abin da ke gefen damansu, to idan ka lura da haka ka ɗan matsar da wayar hagu. A sa masa tabarau da haƙoran roba idan yana da su, a kashe rediyo da fanka, a fitar da jikoki. In da manhajar kiran bidiyo ta Zoom ne, a kunna zaɓin barin murya yadda take, don na'urar tana ɗaukar doguwar "aaa" a matsayin hayaniya ta datse ta. Idan intanet yana tsinkewa, hoton baki da murya ba sa tafiya tare, gara a ɗage zaman zuwa lokacin da layi ya fi kyau. A cika caji tun da wuri.

Minti 30 zuwa 45 ya isa, da hantsi bayan ya karya, kafin gajiya ta kama shi. Kwana 3 zuwa 5 a mako ya fi dogon zama guda. Sauƙi ya fi saurin zuwa a watanni uku na farko, amma bayan shekara ma ana ci gaba da samu.

Wanda zai zauna kusa da shi ya zama mutum ɗaya mai haƙuri, kullum shi. Ya tara kayan da Baba ya saba da su: buta, carbi, hula, goro, hotunan iyali. Ka ɗaga buta ka tambaye shi sunanta, ka yi shiru kamar daƙiƙa goma. Ya kasa, ka ce "da ita ake alwala". Ya kasa, ka ba shi farkon kalmar, "bu". Sai a ƙarshe ka faɗa gaba ɗaya ya maimaita. Tausayi ne ke ɓata wannan aikin: da an ga yana fama sai wani ya yi wuf ya ƙarasa masa, ƙwaƙwalwar ba ta yi nemanta ba. Kuma ban da ɗaga murya ko yi masa magana kamar yaro, dattijo ne, yana jin zafin hakan. A maimaita darasin minti 15 sau biyu a rana, a rubuta kalmomin da suka fito da waɗanda suka ƙi, a nuna wa masanin. Idan ya fara ƙin zama, yana kuka ko ƙin abinci, ku gaya wa likita, ciwon damuwa yana yawan biyo bayan wannan lalura kuma yana da magani.

Abu ɗaya ne ban yarda ku bar wa waya ba: haɗiya. Ka ce yana tari idan ya sha ruwa. Idan muryarsa tana zama kamar mai kurkure bayan ya sha, ko abinci yana maƙalewa a kumatu, ko zazzaɓi yana dawowa, wataƙila abin yana zarcewa huhu, kuma wani lokaci ko tari ba a yi. Wannan sai an duba shi ido da ido a asibiti. Kafin nan ya ci a zaune tsaf, loma ƙanana, kada ya kwanta sai bayan rabin sa'a, a wanke masa baki bayan kowane ci. Idan kuma baki ya sake karkacewa ko maganar ta lalace farat ɗaya, a wuce asibiti nan take, kada a jira zaman gobe.

Ka gaida Inna da yara, ka ce wa Baba ina duba shi.

Naka,
Amininka