Gaisuwar Sallah daga Landan, da labarin wurin aikina

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kun yi Sallah lafiya, ina yi muku barka da shan ruwa, Allah ya maimaita mana. Mun sauko daga Idi da hantsi, da yamma kuma zan koma bakin aiki, domin a nan ba a ba da hutun Sallah.

Baba, na lura hankalinku bai kwanta ba tun da kuka ji cewa a gidan wasan kwaikwayo nake nuna wa 'yan kallo kujerunsu, shi ya sa na ga ya dace in ba ku tarihin gidan. Sunansa Old Vic, yana kusa da tashar jirgin ƙasa ta Waterloo, kuma an buɗe shi a shekarar 1818, wato shekara guda bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A 1833 aka sauya masa suna don girmama Gimbiya Victoria, tun ba ta hau gadon sarauta ba, kuma daga sunanta ne aka samo “Vic” ɗin.

Gaskiya ne cewa ya taɓa yin ƙaurin suna wajen shaye-shaye da hayaniya, amma a 1880 wata baiwar Allah mai suna Emma Cons ta karɓe shi, ta hana sayar da giya, ta maye gurbinta da kofi, sannan ta shirya wa ma'aikatan unguwar laccoci a kan kuɗi kaɗan, waɗanda daga cikinsu ne kwalejin Morley ta samo asali, kuma har gobe tana koyar da manya. Ba zan ɓoye muku ba, wannan doka ta giya ta daɗe da tashi, sai dai aikina bai haɗa ni da wurin sayar da ita ba.

Da Emma Cons ta rasu a 1912, 'yar 'yar'uwarta Lilian Baylis ta gaje ta, kuma a hannunta ne aka gabatar da wasannin Shakespeare, shahararren marubucin nan na Ingila, ɗaya bayan ɗaya tsakanin 1914 da 1923, a kan farashin da talaka zai iya biya. A ganina wannan shi ne babban abin alfaharin gidan, fiye da duk shahararrun da suka hau dandalinsa daga baya. Bama-baman Jamus sun lalata ginin a Yaƙin Duniya na Biyu, sai a 1950 aka sake buɗe shi. A 1963 kuma ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙasar Birtaniya ta soma aikinta a cikinsa da wasan Hamlet na Shakespeare ƙarƙashin jagorancin fitaccen ɗan wasa Laurence Olivier, ta zauna har 1976.

Na ɗauki hoton zauren, mai ɗaukar mutum wajen dubu, zan turo ta wayar Yaya domin ku gani da idonku. A gaishe da Kawu da yara duka.

Wassalam,
Ɗanku mai biyayya.