Wasiƙa Zuwa Daura: Yaya, A Duba Karatun Yaron Nan

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna? Ya aikin kaka, an gama ɗaure gero? Mu nan Bamingham lafiya lau, sanyi ne dai ya fara shigowa.

Maganar yaron wajenka na aji huɗu ce ta sa na zauna rubuta maka. Ranar da muka yi waya ta bidiyo na ce ya ɗauko littafinsa ya karanta mini. Ya ɗora yatsa a layin farko, ya rero shafin tiryan-tiryan, har Inna tana sa masa albarka. Da na ce Auta ta nuna masa kalma ɗaya daga tsakiyar shafin, sai ya yi tsit, ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Hadda ce kawai, Yaya, bai iya haɗa baƙi ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, don yaron nan yana da ƙwaƙwalwa, kai ma ka san yadda yake jan allonsa.

Ban ga laifin malaminsu ba. Auta ta ce ajin ya cika maƙil, wasu a ƙasa suke zama. Mutum ɗaya da alli a hannu ba zai iya bin kowane yaro ya ji karatunsa ba. A nan Ingila doka ta hana ajin 'yan shekara 5 zuwa 7 ya wuce yara 30. Tun 2012 kuma, duk yaron da ya kai ƙarshen aji ɗaya sai malami ya zaunar da shi shi kaɗai, ya ba shi kalmomi 40 ya karanta. Rabinsu kalmomin ƙirƙira ne marasa ma'ana, don a gane mai haɗa baƙi da mai hadda. Wanda ya kasa, a ƙara masa darasi, ya sake a shekara mai zuwa. 'Yarka ta nan tana dawowa gida da ɗan littafi a jaka, da wata takarda da nake sa hannu cewa ta karanta mini.

Kuma hanyar tasu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Yadda aka yi mana babbaƙu da farfaru a makarantar allo kafin mu fara jan sura, haka suke yi. Hausar boko ma ta fi sauƙi, tun da yadda ake faɗi haka ake rubutawa. Yaron da ya gane ba, bi, bu, ba zai daɗe ba zai karanta wasiƙa. Turancin ya biyo baya.

Don Allah Yaya, a sa Auta ta riƙa zama da shi bayan magariba, ko da minti ashirin ne, da littafin Hausa na aji ɗaya. Kada a yi masa dariya, kada a ɗaga masa bulala. Kai kuma ka daure ka leƙa wurin hedimasta, kuma idan kwamitin kula da makarantar ya kira taro ka je. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Haƙƙin yaranmu ne, tambaya a kai ba rashin kunya ba ce.

Ita ma Auta kada a manta da ita. Jarabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta, ita kuwa ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba. A cikin kuɗin da na turo akwai na koyonta, a nema mata wuri mai mutunci kusa da gida. Ko Foliteknik ta Tarayya da ke nan Daura ta samu, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ni zan ɗauki nauyi in Allah ya yarda. Sauran kuɗin na maganin Inna ne da fitila mai caji saboda karatun dare.

A gaida Inna da kyau, a ce ta ci gaba da yi mana addu'a. A gaida matarka da yara, da Kawu, da mutanen unguwa. Idan yaron ya fara haɗa baƙi, a kira ni ranar Lahadi, ba na zuwa aiki.

Ƙaninka,
daga Bamingham