Wasiƙar Zango Zuwa Ga Iyaye: Zaman Malamai Na Alhamis Da Yaran Da Ake Bari A Baya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, da masu riƙon yara, muna gaishe ku da hidima, da fatan an shiga sanyin bana lafiya a nan Katsina da kewaye.

Wasunku sun yi tambaya a taron iyaye da malamai: me ya sa aka sauya wa yara wurin zama, me ya sa kuma ɗan aji huɗu yake karatun safe tare da ɗan aji biyu? Tushen abin shi ne, yaron da aka yi wa laƙabi da daƙiƙi sau da yawa ba kwanyarsa ce matsalar ba. Wani allo ne ba ya gani, wani muryar malam ce ba ta isa kunnensa. Wani kuma ciwo ya kwantar da shi makonni a aji ɗaya, lokacin da ake koyar da haɗa baƙi da wasali, bai sake kamo 'yan'uwansa ba. Malami guda a cikin aji mai cunkoso ba zai gane wannan shi kaɗai ba. Shi ya sa muka daina barin kowa da ajinsa.

Kowace Alhamis, bayan an tashi yara, malamai suna zama na minti arba'in da biyar. Ba a tsare ɗalibi ko ɗaya, domin mun san Islamiyya na jiransu da la'asar. Malamin aji yakan kawo batun yara biyu, ba fiye ba, da littattafansu a hannu. Ba a yarda ya ce "ba ya ja" kawai. Sai ya nuna inda yaron ke tsayawa. Misali: yana kwafe abin da ke littafin maƙwabcinsa daidai, amma in daga allo ne sai ya tsallake layi. Sauran malaman da suka taɓa koyar da shi su faɗi abin da suka lura. A tsayar da dabara guda ɗaya da za a gwada mako biyu, a rubuta wanda zai yi ta, sannan a dawo a ji ko ta yi. Inda irin wannan zama ke lalacewa sananne ne: a fara da yara, a ƙare da hirar albashi da ƙarin girma. Don haka akwai mai riƙe da agogo. Abin da aka faɗa game da ɗanku kuma amana ne, ba ya fita ɗakin.

Malamai sun kuma kasu bibbiyu, kowa yana shiga darasin abokinsa sau ɗaya a wata. Mai shiga ba sufeto ba ne, ba ya ba da maki. Yakan zauna a bencin baya da zanen wuraren zama, ya sa ɗigo a kan duk yaron da aka tambaya ko ya yi magana. In darasi ya ƙare, takardar kan nuna abin da baki ba zai faɗa wa malami ya yarda ba: ɗigo sun taru a bencin gaba, gefen 'yan mata ko kusurwar baya kuwa fayau. Maganinsa mai sauƙi ne. Malami ya yi tambaya, ya ƙirga biyar a ransa kafin ya kira suna, kuma ya daina dogara da masu ɗaga hannu kaɗai. Wannan jiran ya fi amfanar yaro mai i'ina. A bar shi ya ƙarasa maganarsa da kansa, kar a ƙarasa masa, kar a bar aji ya yi dariya.

Batun karatun safe. Mun ɗauko tsarin koyar da yaro daga matakin da yake, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi fice da shi, ake kuma amfani da shi a wasu jihohin Arewa. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai, da Hausa, cikin 'yan mintoci. Matakan biyar ne: wanda bai san harafi ba tukuna, mai gane haruffa, mai karanta kalma, mai karanta gajeren sakin layi, da mai karanta labari ya ba da ma'anarsa. Sa'a ta farko kowa yana tafiya rukunin matakinsa, ko daga wane aji yake, sannan ya koma ajinsa don sauran darussa. Ana sake gwaji duk bayan mako shida, wanda ya haye ya matsa gaba. Rukunan ba su da lamba ta ɗaya ko ta ƙarshe, sunayen itatuwa muka ba su: Kuka, Tsamiya, Gawo, Ɗorawa da Marke. Roƙonmu a nan, kar a yi wa yaro gori a gida cewa an mayar da shi cikin ƙanana. Gorin nan shi ke sa ya fara laɓewa a hanya har a tashi tara.

Wurin zama kuwa ya biyo bayan gwajin ido da kunne. Na ido ana yin sa da allon harafin E, a nisan mita shida, a inuwa mai haske. Yaro ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, ya nuna da yatsu inda ƙafafun harafin suka fuskanta, don haka ko wanda bai iya karatu ba zai yi. Wanda ya kasa layin 6/12, wato layin da lafiyayyen ido ke iya gani daga nisan mita sha biyu, muna ba shi takarda zuwa asibitin ido. Malamai ba likitoci ba ne, kuma tabarau na kasuwa da aka saya ba gwaji kan ƙara ciwon kai. Na kunne, malami yakan tsaya bayan yaro ya raɗa kalmomi, kunne ɗaya bayan ɗaya. In kunnen ɗanku na zubar da ruwa, kar a ɗiga masa mai ko magani na gida, a kai shi asibiti. Irin wannan ciwon in ya daɗe yana rage ji. Mai ƙarancin ji yana zama gaba, inda zai ga bakin malam, malam kuma ya daina bayani yana fuskantar allo. Zabiya shi ma gaba, nesa da hasken taga, ana rubuta masa da manyan haruffa, an kuma yarda masa da hula mai baki da riga mai dogon hannu, ba ya tsayawa a rana lokacin taron safe. Bahago kuma a ƙarshen benci ta hagu, don gwiwar hannunsa ta daina karo da ta maƙwabci. Tarbiyyar ci da dama taku ce a gida, amma a rubutu ba ma dukan hannun yaro.

Abu biyu ne iyaye suka fi ɓoye mana, su ne kuma muka fi buƙatar sani. Na farko sikila. A wannan hunturu sanyi da ƙarancin shan ruwa suna tayar da ciwon. Mai sikila ya zo da rigar sanyi ko da ba kalar kayan makaranta ba ce, da gorar ruwa, kuma yana da izinin fita bayi ba tare da dogon bayani ba. In ya kwanta, malaminsa zai aiko da taƙaitaccen aiki ta hannun ɗan'uwa ko maƙwabci. Na biyu farfaɗiya. Ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa. Abin da aka koya wa malamai shi ne: a kawar da benci da duk abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, kar a danne shi, kar a cusa cokali ko ruwa a baki, a juya shi gefe in jijjigar ta lafa, a kuma duba agogo. In ta wuce minti biyar, asibiti kai tsaye.

Doka ma tana tare da yaran nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta ga kowane yaro, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta a hana yaro ilimi saboda nakasa. Amma doka ba ta zuba siminti. Kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da jama'ar gari mai kula da makaranta, yana neman magina daga cikin iyaye don gangaren keken guragu a ƙofar azuzuwan ƙasa. Ƙa'idar ita ce duk tsayin santimita ɗaya, tsawon santimita sha biyu: dakali mai santimita 30 yana buƙatar gangare mai mita 3.6. Kuskuren da aka saba yi shi ne a gajarta shi don tsimin siminti, sai ya zama tudun da yaro ba zai hau shi kaɗai ba, ko a goge samansa sumul ya yi santsi da damina.

Kowane yaro mai buƙatar taimako yana da abokan zama uku da ke karɓa-karɓa mako-mako. Ba mu ɗora wa mutum ɗaya ba, don kar ɗan wani ya koma ɗan aike ya rasa nasa karatun.

Ranar Asabar ta makon uku, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, malaman aji za su zauna don ganawa da ku ɗaya bayan ɗaya, minti goma kowa. Iyaye mata da suka fi son magana da malama, an ware musu ɗaki. A zo da katin asibiti in akwai, da sunan maganin da yaro ke sha, da littafinsa na Hausa. Wanda kasuwa ko gona ba za ta bar shi ba, ya turo kaka, gwaggo ko yayan da ya san yaron sosai.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Hukumar makaranta da kwamitin malamai