Cikar filin yajin aiki daban, cikar akwatin zaɓe daban

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili saboda wata magana da ke yawo a bakin 'yan ƙwadago a nan Gombe duk sanda zaɓe ya ƙarato: wai tunda shugaban ƙungiya na iya sa a garƙame sakatariya da makarantu da takarda guda, in ya tsaya takara haka ƙuri'u za su biyo shi. An gwada wannan lissafi a Koriya ta Kudu.

Kwon Young-ghil, haifaffen 1941, ɗan jarida ne da ya wakilci jaridar Seoul Shinmun a birnin Faris. Daga ƙungiyar ma'aikatan jarida ya taso, har ya zama shugaban farko na babbar ƙungiyar ƙwadago ta KCTU a Nuwamba 1995, lokacin gwamnati ba ta ma yarda da halascinta ba. Ranar 26 ga Disamba 1996, da asubar fari, 'yan majalisar jam'iyyar Shugaba Kim Young-sam suka hallara ba ɗan adawa ko ɗaya, cikin 'yan mintoci suka zartar da dokar da ta sauƙaƙa wa kamfanoni sallamar ma'aikata. Kwon ya kira yajin aikin gama-gari. Masana'antun motoci da na ƙera jiragen ruwa suka tsaya cak, ma'aikatan asibitoci da na gidajen talabijin suka bi sahu. A Maris 1997 dole aka sake rubuta dokar.

Watanni tara bayan haka ya tsaya takarar shugaban ƙasa. Ya samu kashi 1.2 cikin ɗari, ƙuri'a 300,000 da 'yan kai, adadin da bai kai yawan membobin ƙungiyarsa ba. Mutumin da ya kwana cikin sanyi a filin zanga-zanga, ranar zaɓe sai ya dangwala wa ɗan yankinsu, ko ya ji tsoron kada ƙuri'arsa ta tafi a banza. Mu ma mun san wannan hali.

A Janairu 2000 ya jagoranci kafa jam'iyyar ma'aikata ta DLP, wadda ta dogara da kuɗin wata-wata na membobi, ba aljihun uban gida ba. Duk da haka a zaɓen shekarar ko kujera ɗaya ba ta samu ba. Shi kansa ya faɗi takarar majalisa a mazaɓar birnin Changwon. A 2002 ya sake neman shugabanci, ya tashi da kashi 3.9.

Abin da ya buɗe ƙofa ba farin jininsa ba ne, takardar ƙuri'a ce. A 2001 kotun tsarin mulki ta soke dokar da ake ƙirga ƙuri'ar ɗan takara ita ce kuma ta jam'iyya. Daga nan aka riƙa miƙa wa mai zaɓe takarda biyu: ɗaya ya zaɓi wakilin mazaɓarsa, ɗaya ya zaɓi jam'iyya. A 2004 majalisar na da kujeru 299. 243 na mazaɓu, 56 kuma ana raba su gwargwadon ƙuri'ar jam'iyya, muddin ta kai kashi 3. Sai ma'aikaci ya ba babban ɗan takara ta farko, ya ba jam'iyyarsa ta biyu, ba tare da fargabar asara ba. DLP ta samu kashi 13, wanda ya ba ta kujeru 8. A mazaɓu kuwa biyu kacal ta ci: Kwon a Changwon, wani kuma a Ulsan, duka garuruwan masana'antu ne inda ma'aikata ke zaune unguwa guda.

Mu ba mu da takarda ta biyu. Jam'iyyar da ta samu kashi 13 a kowace ɗaya daga mazaɓu 24 na majalisar dokokin Jihar Gombe, hannu rabbana za ta koma gida. Hanyar Changwon kaɗai ta rage mana, ita kuma tana son cunkoso. In ka cire masana'antar siminti ta Ashaka a Funakaye, galibin membobinmu malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da na ƙananan hukumomi, a warwatse cikin ƙananan hukumomi 11, mai biyan su albashi kuma sau da yawa shi ne jagoran jam'iyyar da za a kara da ita. Ga sharaɗin tsarin mulki: ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Oshiomhole, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa (NLC), da ake yawan kafa hujja da shi, ai ba da tutar jam'iyyar ƙwadago ya zama gwamnan Edo a 2008 ba.

A Koriyar ma abin bai ɗore ba. Kwon ya samu kashi 3 a zaɓen 2007, aka shiga nuna wa juna yatsa, rikici kan matsayin jam'iyyar game da Koriya ta Arewa ya raba ta biyu a 2008, kujeru goma suka koma biyar. Shi dai ya riƙe Changwon, amma a 2012 ya nemi gwamnan lardin Gyeongsang ta Kudu ya sha kaye.

Kafin kowane kwamared ya buga fosta, ya ɗauko rajistar membobi, ya rarraba ta gunduma-gunduma, ya cire waɗanda ba su da katin zaɓe, sannan ya ajiye abin da ya rage kusa da ƙuri'un wanda ya ci mazaɓar a 2023.

Daga wasu 'yan ƙungiyar ƙwadago,
Gombe.