Waƙa mai kyau ba ta sayar da kanta: labarin faifan farko na Big Star

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ka ban ɗan fili a shafinku na nishaɗi dan Allah. Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin masu sharhin waƙa, har a jaridar nan taku ma na sha karantawa, wai waƙa in dai tana da kyau ita ke sayar da kanta. Ni kam ban yarda ba, kuma hujjata tana can birnin Memphis na jihar Tennessee a Amurka.

A 1971 wasu samari huɗu suka haɗa ƙungiyar kiɗa a garin, Alex Chilton da Chris Bell da Andy Hummel da kuma Jody Stephens mai ganga. Sunan ma da suka sa mata, Big Star, daga wani babban kanti suka aro shi da ke kusa da sutudiyon Ardent inda suke aiki. Shi Chilton ba baƙo bane a harkar, tun yana ɗan shekara 16 ya rera The Letter da ƙungiyar Box Tops a 1967, waƙar ta zo ta ɗaya a duk Amurka. Bell kuwa babu wanda ya san shi a wajen Memphis, amma fa shine mayen sutudiyo a cikinsu. Mai wajen, John Fry, shi ya koya masa sarrafa na'urorin ɗaukar sauti, ya kuma sakar musu wuri suna shiga da daddare in masu biyan kuɗi sun tashi, su yi ta ɗauka suna gogewa suna sakewa babu mai duba musu agogo. Shi yasa in ka saurari faifan, wanda suka sa wa suna #1 Record ya fito a 1972, zaka ji komai ya zauna daram, gita tana ƙara tas-tas, muryoyi an jera wata kan wata irin yadda shahararriyar ƙungiyar Beatles ta Ingila suke yi, waƙa minti biyu minti uku an gama ba jan rai. Irin wannan kiɗan ne ake ce ma power pop, wato zaƙin waƙar rediyo amma da ƙarfin gitar rock. Har wajen rubuta sunan marubuta ma Beatles suka kwaikwaya, yawancin waƙoƙin Bell da Chilton aka rubuta a haɗe.

Wadda ta fi kama ni a ciki ita ce Thirteen. Babu hayaniya ko kaɗan, gita ce ta katako da murya, yaro ne ɗan makaranta yana roƙon yarinya ta bari ya raka ta gida in an tashi, shikenan fa labarin, amma in ta ƙare sai ka ji kana so ka maido ta baya.

To Malam Edita, masu sharhi sun yaba iya yabo. Mujallar Billboard ta ce kowace waƙa a ciki za ta iya tsayawa da kanta a kasuwa, Rolling Stone ma ta yaba, Cashbox haka. Sai me? Faifan ko kwafi dubu 10 bai sayar ba a lokacin. Ba dan mutane sun ji sun ƙi bane, a'a, mutum zai karanta yabon a mujalla ko ya ji waƙar a rediyo ya tafi kanti ya tambaya ace masa babu. Kamfanin Stax ne ke da alhakin raba kayan Ardent, su kuma Stax gwanaye ne a kiɗan soul, nan kasuwarsu take nan dillalansu suke, ba su san ta inda ake tura faifan rock ba, ana cikin haka kuma suka ƙulla yarjejeniyar rabawa da kamfanin faifai na Columbia wadda daga baya ta zama rigima, har shi kansa Stax ɗin ya durƙushe a 1975. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san wannan ciwon, in masu shago ba su ɗauki kayanka ba to ko kai waye a gidanku kawai za a ji ka.

Amma inda nake so ku 'yan jarida ku tsaya ku duba shine abin da yabon ya yi wa Chris Bell. Yawancin marubutan sunan Chilton suka riƙe tunda shi suka sani, Bell da ya kwana a kan na'ura yana gyaran sauti, wanda ma shi ya rera waƙar da ta buɗe faifan, aka mai da shi kaman ɗan rakiya. Ga ba ciniki ga ba suna. Kafin 1972 ta ƙare ya bar ƙungiyar. Ya rasu a hatsarin mota a Disamban 1978 yana da shekara 27, waƙoƙin da ya yi shi kaɗai ma sai a 1992 aka tattara su aka fitar. A ganina wannan laifin ba na Stax bane, na masu alƙalami ne da suka ga sanannen suna suka ƙi ƙarasa karanta bayan kwalin.

Wani abin mamaki kuma, 'yan jaridar ne dai suka sake tada ƙungiyar. A 1973 Ardent ta gayyato marubutan kiɗa Memphis taro, sauran ukun suka yi musu wasa, wuri ya kaure da tafi, wannan ne ya ƙarfafa musu gwiwa suka yi faifai na biyu Radio City a 1974. Aka sake yabo, aka sake rasa shi a kanti. Na ukun kuwa da aka ɗauka a 1974 sai 1978 ya samu fitowa.

Yanzu fa kowa na cewa ai manya ne. Ƙungiyoyin kiɗa irin su R.E.M. da Teenage Fanclub sun faɗa da bakinsu cewa sun sha daga rijiyarsu, The Replacements ma waƙa sukutum suka yi da sunan Alex Chilton a 1987, wani shirin barkwanci na talbijin That '70s Show ya ɗauki waƙar In the Street daga wannan faifan da aka kasa sayarwa ya mai da ita waƙar buɗe shiri, sannan a 2003 Rolling Stone ta sa duka faifan nasu uku cikin jerin 500 mafi kyau a tarihi. Bell bai ga ko ɗaya ba. Chilton da Hummel sun gani, su ma duk sun rasu a 2010.

Roƙona gare ku, in za ku yi sharhin sabon album a shafin nan, ku tambayi wa ya haɗa kiɗan wa ya gyara sautin ku rubuta sunayensu, ku kuma gaya mana a ina za mu same shi.

Nagode da fili.

Naku, wani mai karatunku daga Kaduna.