Chachi 420: Kwalliya ta biya, labari ya yi rauni

Edita,

A ba ni fili in yi tsokaci kan Chachi 420, fim ɗin Indiya na 1997, inda Kamal Haasan ya rikiɗe ya zama tsohuwa mai reno da ake kira Chachi don ya riƙa ganin 'yarsa bayan aurensa ya mutu.

Kwalliyar ta biya kuɗin sabulu: fuskar roba, ɗaurin sari, takun dattijuwa, da muryar da ya siranta ba tare da zaƙewa ba. Amrish Puri, surukin da ya faɗa son Chachi, ya iya ban dariya fuska a murtuke.

Matsalar tana wajen Tabu, wadda ta fito a matsayin uwar yarinyar. Yarinya ƙarama ta gane ubanta nan take, amma matar da ta haifa masa ita ta kasa? An mayar da ita marar lura don kawai labari ya yi tsawo.

Mai karatu,
Kano